Imanin Ɗan Takara da Ƙuri'ar Ɗan Zango, Daga 1954 Zuwa Yau

Wannan shi ne bayanin da na yi a filinmu na tarihi. Na rubuta shi don waɗanda rediyo bai kama musu ba a daji, da waɗanda shirin ya same su a kan hanya da kaya. Na kuma ƙara abubuwan da lokaci bai bar ni na faɗa ba.

Asalin maganar, wani dattijo ne makiyayi ya kira mu daga wajen Bunkpurugu. Ya ce ɗansa ya dawo daga sakandare da wata magana, wai a littafin kimiyya an ce mutum da biri kakansu ɗaya. Ranar bai yi barci ba. Sai ya ce mini: "Ɗana, waɗannan masu neman ƙuri'armu ai duk wannan bokon suka yi, wasu har Ingila. Ashe bai kamata mu tambaye su wa ya halicci Annabi Adamu ba, kafin mu dangwala musu?"

Baba, ni ba malami ba ne, kuma ba zan yi fatawa a kan halitta ba, wannan aikin limamanku ne. Abin da zan iya shi ne in kawo muku abin da ya faru a ƙasar nan duk lokacin da aka auna ɗan siyasa da ma'aunin imani. An taɓa gwadawa, har jam'iyya aka kafa a kai.

Da farko ku sani ba Baba ne ya fara wannan tambaya ba. A Amurka sun daɗe suna faɗa a kanta. A 1925, a wani ƙaramin gari mai suna Dayton a jihar Tenesi, an gurfanar da wani malamin makaranta, John Scopes, saboda koyar da ra'ayin Darwin, aka ci shi tarar dala 100. Wanda ya tsaya wa masu ƙara shi ne William Jennings Bryan, mutumin da ya nemi shugabancin Amurka sau uku bai samu ba. A 2007 kuma, a wata muhawara ta talabijin, aka tambayi 'yan takara 10 na jam'iyyar Rifablikan ko akwai wanda bai yarda da ra'ayin Darwin ba, uku suka ɗaga hannu. Can tambayar tana raba mutane gida biyu. To a nan fa? Ku tara duk masu takara daga Bawku har Salaga, Musulmi da Kirista da mai bin gargajiya, ku ce wanda ya yarda Allah ne ya yi halitta ya ɗaga hannu. Wallahi hannu ɗaya ba zai rage a ƙasa ba. Mai gaskiya zai ɗaga, ɓarawo zai riga shi ɗagawa. Kun ga ba a tace komai ba.

Saboda haka tambayar a wajenmu takan canza riga. Ba a cewa "ya yarda da halitta?", sai a ce "namu ne? yana salla?" Wannan ita ce nake so mu bi sawunta.

Ku fara da kakanninmu fatake. Wajen shekaru 300 da suka wuce, zamanin Naa Atabia, wanda ake ba da labarin shi ya dawo da fadar Mamprugu daga Gambaga zuwa nan Nalerigu, ayarin Hausawa da Wangarawa suna ratsa ƙasar nan zuwa Gwanja neman goro. Fadar Nayiri tana da al'adunta na gargajiya, tana kuma girmama limamin Gambaga. A Yandi ma haka, tun zamanin Naa Zangina malamai suka samu wurin zama kusa da fada. Madugu in ya iso bakin gari, abin da yake tambaya shi ne nawa ake biya a wuce, ko hanya tana da 'yan fashi, ko akwai ruwa da wurin sauke jakuna, in an yi masa sata wa zai bi masa hakki. Sarkin da ya tsare hanya ayari ya bi ta ƙasarsa, wanda bai tsare ba a kewaye shi. Salaga kuwa, da ta cika da masallatai da malamai, yawan salla bai hana ta watsewa ba a yaƙin basasar 1892, lokacin da gidajen sarautar Kpembe suka faɗa wa juna. 'Yan kasuwa suka kwashe suka nufi Kete Krachi da Yeji da Kintampo. Cikin waɗanda suka bar garin har da Alhaji Umaru, babban malamin nan haifaffen Kano, wanda ya ƙare rayuwarsa a Krachi a 1934.

Yanzu mu zo zamanin ƙuri'a, nan ne zan daɗe.

Tun 1932 Musulmin Akra suke da ƙungiyarsu ta taimakon juna. A Yunin 1939 aka yi girgizar ƙasa a Akra, gidaje suka rushe, kuma da aka zo rabon kayan gini mutanen zango suka ga kamar an mayar da su saniyar ware. Daga nan ƙungiyar ta fara leƙa siyasa. Ku lura da abin da ya tayar da su: kwano da siminti, wurin kasa kaya a kasuwa, kujera a majalisar gari. Ba wanda ya hana su salla. Zuwa 1953 suka tsayar da 'yan takara a zaɓen majalisun garuruwan Akra da Kumasi, a 1954 kuma abin ya zama cikakkiyar jam'iyya, wadda ake kira MAP, wato jam'iyyar ƙungiyar Musulmi. Ƙarfinta yana cikin zangunan kudu, wajen Hausawa da Mosi da Zabarmawa da Yarbawa da sauran baƙi. A Kumasi babban jigonta shi ne Alhaji Amadu Baba na zango. A Akra kuwa ɗaya daga cikin shugabanninta shi ne Bankole Awoonor-Renner, ɗan boko wanda ya yi karatu a Mosko ta 'yan gurguzu kafin ya musulunta. Da Baba mai kira daga Bunkpurugu ya ga takardun makarantar wannan mutum, ban san ko zai ba shi ƙuri'a ba, amma shi ne ya tsaya yana magana da yawun zango.

To me aka samu? A zaɓen Yunin 1954, cikin kujeru 104, jam'iyyar Musulmi ta ci ɗaya. A zaɓen Yulin 1956 ma ɗaya, kuma wanda ya ci ta, Cobina Kessie, lauya ne Ba'asante, ba ɗan zango ba. CPP ta Kwame Nkrumah ta kwashi 71.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne arewa. Nan ne Musulmi 'yan ƙasa suka fi yawa, amma ba su ruga wa tutar addini ba. A 1954 ɗin nan dai aka kafa jam'iyyar mutanen arewa, NPP ta wancan zamani (kada ku haɗa ta da NPP ta yau mai alamar giwa). Shugabanta S. D. Dombo ne daga Duori. Cikin manyanta akwai Tolon Naa Yakubu Tali, da J. A. Braimah na ƙasar Gwanja, da Mumuni Bawumia, wanda ya yi wa fadar Nayiri aikin magatakarda, kuma Nayiri na lokacin ya mara mata baya. Musulmi da Kirista da masu gargajiya duk suna ciki. Kukansu ɗaya ne: Turawa sun bar arewa ba makarantu, ba hanyoyi, sun mai da ita wurin ɗiban leburori zuwa gonakin koko da ramukan zinariya. Wannan jam'iyya ta ci kujeru 15 a 1956, ita ce babba a cikin 'yan adawa. Wato mutumin Gambaga da na Yandi ya duba ya ga abin da ke damunsa ya fi kama da na maƙwabcinsa Badagare ko Bafarafare da ba ya salla, fiye da na attajirin zangon Akra da suke fuskantar alƙibla ɗaya.

Bayan samun 'yanci a Maris 1957, zango ya biya kuɗin adawar da ya yi. A Agustan shekarar gwamnati ta ba da umarnin korar Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Ladan daga ƙasar, wai baƙi ne. Suka garzaya kotu suka ce a nan aka haife su. Kafin kotu ta yanke hukunci, majalisa ta zauna ta yi doka ta musamman da sunayensu su biyu a jikinta, aka fitar da su zuwa Najeriya. Ku tsaya ku duba wannan da kyau. Ba a tuhume su da addini ba, da takardar haihuwa aka kama su. Kuma ba Kiristoci kaɗai suka yi murna ba. A cikin zangon Kumasi akwai ɓangaren Musulmi da ke tare da CPP, su ne suka gaji kujerun da aka bari. Masallaci ɗaya, sahu ɗaya, wani yana kuka wani yana buɗa.

A Disamban 1957 aka yi dokar da ta haramta kafa jam'iyya a kan addini ko ƙabila ko yanki. 'Yan adawa sun ga tana tafe, sai suka riga ta, suka narke cikin jam'iyya ɗaya mai suna UP: MAP ta zango, NPP ta arewa, NLM ta Asante da sauransu. Dombo ne mai kujeru mafi yawa, amma ya bar wa Dokta Kofi Abrefa Busia shugabanci. Daga ranar ba a sake yin jam'iyyar Musulmi a Gana ba, kuma tsarin mulkin 1992 da muke kai yanzu ya riƙe wannan hani a sashe na 55.

To ga inda labarin ya yi ɗaci. Busia mutum ne mai riƙo da addininsa, har wa'azi yake yi a cocin Methodis. In tambayar Baba ce, zai amsa ta ba gargada, ya ma ƙara da aya daga littafinsu. Kuma abokin tafiyar zango ne, tare aka sha wuyar Nkrumah. A 1969 ya ci zaɓe ya zama firayim minista. Ranar 18 ga Nuwamba na shekarar gwamnatinsa ta fitar da umarni cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya samo ta cikin mako biyu ko ya bar ƙasar. Wa ke da irin wannan takarda a zango? Mutumin da kakansa ya zo da jaki tun kafin a ja layin iyaka, ina zai samo ta cikin kwana 14? Sama da mutum 100,000 suka fita, wasu masu ƙiyasi suna ninka wannan adadi. Yarbawa 'yan tireda, Hausawa mahauta da dillalan shanu da masu goro, Zabarmawa, Mosi, mutanen Togo. Aka sayar da gidaje da rumfuna a farashin banza, aka cika loroli. Akwai waɗanda aka sauke a garuruwan da ba su taɓa gani ba, an ce nan ne garinku. A 1970 aka biyo da dokar da ta keɓe ƙananan sana'o'in saye da sayarwa ga 'yan ƙasa kaɗai. Har yau in kun ga tsofaffin zango suna ɗari-ɗari da jam'iyyar da ta gaji gidan Busia, ga tushen abin nan, shekaru sama da 50 bai goge ba.

Kada wani ya ce ai don shi Kirista ne. Ku tsallaka Najeriya. A Janairun 1983 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari, Bafulatanin Sakkwato, malamin makaranta, Musulmin da ba mai shakkar sallarsa, ita ma ta ba baƙi marasa takarda 'yan makonni su fice. Wajen mutum miliyan biyu suka fita, kimanin rabinsu 'yan Gana, sauran kuwa har da 'yan Nijar da Cadi, Musulmi 'yan'uwansa. Jakar nan mai ratsi-ratsi da kuke zuba kaya a ciki, daga nan ta samo sunan da ake kiranta da shi. Janar Muhammadu Buhari da ya karɓe mulki daga hannunsa ya rufe iyakokin ƙasa a 1984, a tsakiyar fari, har mutanen ƙasar Maraɗi suka laƙaba wa yunwar shekarar sunansa. Da ya dawo a farar hula ya sake rufe su daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Masu kai albasa da shanu da masu sauke kaya daga Lome da Kwatano, ku kuka san abin da kuka yi asara, ba sai na faɗa muku ba. Ba ina cewa waɗannan shugabanni ba su da hujjojinsu na tattalin arziki ba. Cewa nake yi goshinsu bai gaya wa kowa abin da za su yi da iyaka ba.

Mu dawo gida. Maganar Yandi da Bawku zan taɓa ta da hankali, don akwai masu sauraronmu a kowane ɓangare kuma akwai waɗanda suka binne 'yan'uwa. Gidan Abudu da gidan Andani jini ɗaya ne, addini ɗaya. A Maris 2002 aka kashe Yaa Naa Yakubu Andani na biyu tare da mutanensa da dama. A lokacin mataimakin shugaban ƙasa Musulmi ne ɗan Dagbon, Alhaji Aliu Mahama, Musulmi na farko da ya hau wannan kujera. Samun ɗan gida a sama bai hana wutar tashi ba, bai kuma kashe ta da wuri ba. Sai Janairun 2019 aka naɗa sabon Yaa Naa, bayan dogon zaman sulhu na sarakuna uku, Asantehene da Nayiri da Yagbonwura. Bawku kuwa, tun 1958 gwamnatoci ke juya maganar sarautarta: gwamnatin Nkrumah ta yanke wata hanya, sojojin 1966 suka warware, gwamnatin Rawlings ta sake juyawa a 1983. Ba zan ce ga mai gaskiya ba, ba hurumina ba ne. Amma ku da kuke cin kasuwar Bawku da Pusiga da Sinkase kun san dokar hana fita da hana hawa babur ba ta tambayar addinin mai kaya, kuma 'yan siyasar da suka yi ta hura wutar nan don ƙuri'a, da yawansu ba a rasa su a sahun gaba ranar Juma'a ko ranar Lahadi.

Sai zaɓen 7 ga Disamban 2024, wanda duk kun gani da idonku. Karon farko wata babbar jam'iyya ta tsayar da Musulmi takarar shugaban ƙasa: Dokta Mahamudu Bawumia na Walewale, ɗan Mumuni Bawumian nan da na ambata ɗazu. Abokin karawarsa John Dramani Mahama na Bole, Kirista, daga gidan da ke da Musulmi da Kirista. Ƙidayar 2021 ta ce Kiristoci sun ɗan haura kashi 71 cikin ɗari na mutanen Gana, Musulmi kusan kashi 20. An yi ta raɗe-raɗi a coci da masallaci, wasu na cewa Gana ba za ta ba Musulmi ba, wasu na cewa wajibi ne Musulmi ya ba nasa. Da aka ƙirga, Mahama ya samu sama da kashi 56, Bawumia kashi 41 da 'yan kai. Amma ku duba ina kowa ya ci. Bawumia ya ci yankinmu na Arewa maso Gabas, gidansu ke nan. Sauran yankuna biyun da ya ci su ne Asante da yankin Gabas, inda Kiristoci suka fi yawa nesa ba kusa ba. Yankin Tamale mai yawan Musulmi Mahama ya ba. Nima da Mamobi a Akra, da Asawase a Kumasi, manyan zanguna, Mahama suka ba. Mutane sun yi zaɓe da farashin buhun masara, da faɗuwar sidi, da tsohuwar biyayyar jam'iyya, da tunanin 1969. Washegari da safe, tun kafin hukumar zaɓe ta yi sanarwa, Bawumia ya fito ya amince da shan kaye. Ni a ganina wannan safiyar ta fi duk hotunansa na masallaci gaya mana irin mutumin da yake.

To shin imanin ɗan takara ba ruwanmu da shi ke nan sam? A'a, ban ce haka ba. Akwai wurin da yake shigowa, wato ranar da abin da ke zuciyarsa ya zama hukunci a kan jikin ɗanka ko aljihunka.

Misali na farko daga Kano. A 2003 aka baza magana cewa allurar shan inna tana ɗauke da maganin hana haihuwa, wasu malamai da likitoci suka goyi bayan maganar, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin. Tsoron mutane yana da tushe, don a 1996 kamfanin Pfizer ya gwada wani magani a kan yara masu sanƙarau a Kano, yara 11 suka mutu. Amma dakatarwar ta kai har Yulin 2004, lokacin da aka kawo allura daga Indunusiya. Kafin nan cutar ta tsallaka iyakoki, ta ɓulla a ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har da Gana da Togo da Burkina. Yaron da ƙafarsa ta shanye a nan bai san sunan gwamnan ba.

Misali na biyu daga Akra. Shugaba Nana Akufo-Addo ya ce ya yi wa Allah alkawarin gina babbar majami'ar ƙasa in ya ci zaɓe. Alkawari tsakaninsa da Ubangijinsa, ba mai shiga. Amma aka rushe gidajen alƙalai don share fili, aka kashe kuɗin gwamnati kimanin dala miliyan 58, ya sauka daga mulki abin da ke wurin rami ne. Da masallaci ne wani ya yi wa haka da kuɗin haraji, maganata ɗaya ce. Madatsun ruwa nawa na shanu wannan kuɗi zai haƙa tsakanin Gushegu da Chereponi?

Akwai kuma wurin da ya dace ku tambayi ɗan takara maganar addini kai tsaye, amma addininku, ba nasa ba. A azumin 2021 wata makarantar 'yan mata ta mishan a Cape Coast ta hana ɗaliba Musulma yin azumi, hukumar ilimi ta ce a bar ta, cocin da ke da makarantar ya ƙi. Wannan tambaya ce ta gaske: in 'yata ta samu gurbi a irin wannan makaranta, za ta yi salla da azumi? Kirista na iya ba ku amsa mai kyau, Musulmi na iya noƙewa don kada ya rasa ƙuri'ar kudu. Sai kun tambaya za ku sani.

Yanzu in koma kan littafin ɗan Baba, don ban manta ba. Baba, abin da masu kimiyya ke nema daga shugaba ba wai ya bar imaninsa da Annabi Adamu ba ne. Akwai likitoci da malaman dabbobi masu salla biyar da suka karanta wannan darasi suka ci jarrabawa, imaninsu yana nan. Ɓangaren ilimin da ya shafi aikin gwamnati kuwa, ku makiyaya kun riga 'yan boko saninsa. Ku ne kuke zaɓen bijimin da zai hau garke don 'ya'yan su ɗauko jikinsa. Ku ne kuke haɗa bunaji da gajerun shanun ƙasar nan don a samu masu jure ƙudan tsando. Ku ne kuma kuke kawo mana kuka cewa allurar sammore da ke aiki a da yanzu sai an maimaita, maganin kaska ma an fesa kaska na nan. Bayanin malaman dabbobi shi ne, duk lokacin da aka yi allura ba cikakkiya ba, ko aka sayi jabu a kasuwa, ƙwayoyin cuta masu rauni su mutu, masu taurin kai su rage su hayayyafa, bayan 'yan shekaru sai ya zama jikokin masu taurin kan ne kaɗai a daji. Haka ya faru da kulorokwin, har Gana ta daina dogara da shi wajen maganin zazzaɓin sauro a wajen 2004. Shugaban da aka kawo wa irin wannan bayani ya ce shi bai yarda da zancen Turawa ba, ko ya ce addu'a ta wadatar, wannan imaninsa ya shiga garkenku. Wanda kuwa ya yi addu'arsa sannan ya sa hannu a sayo allura mai kyau, ba ruwanku da abin da ya amsa a jarrabawar sakandare. Da allurar rigakafi aka kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya, aka yi shelar haka a 2011, cutar da ta taɓa share garkunan kakanninku. Da cutar saifa ta ɓulla a wajen Binduri a 2023 aka hana zirga-zirgar dabbobi ana dab da babbar salla, abin da kowa ke tambaya shi ne yaushe allura za ta iso.

Nan Nalerigu ma kuna da misali a ƙofar gida. Asibitin Baptis yana nan tun ƙarshen shekarun 1950. In maciji ya sari yaro a ruga cikin dare, a kan babur ake kawo shi, kuma ban taɓa jin uban da ya tsaya a ƙofa yana tambayar likita aƙidarsa ba.

Masu neman kujera za su sake zuwa, na majalisar gunduma da na majalisar dokoki, za su zauna kan tabarmarku, wasu su ba da kuɗin rufin masallaci. Ku karɓa, ku yi musu addu'a. Sannan Arɗo ya tambaye su maganar katin ɗan ƙasa ga Bafulatanin da aka haifa a nan, aka haifi ubansa a nan, amma in ya je ofis a ce ya kawo shaida. Ya tambaye su me za su yi in aka sake turo sojoji korar shanu kamar yadda aka sha yi tun zamanin Rawlings, aka kuma yi a Agogo. Ya tambaye su burtali da mashaya, da takardar ƙetare iyaka da dabbobi wadda ƙungiyar ECOWAS ta amince da ita tun 1998, yanzu da Burkina da Nijar da Mali suka fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, wace takarda za ta yi aiki a Kulungugu da Mognori. Hajiya mai kai kaya kuma ta tambaye su shinge nawa ne tsakanin Bawku da Walewale, kuma wanne ne doka ta sani.

Baban Bunkpurugu ya sake kira bayan shirin. Ya ce shi dai har yanzu ba zai ba wanda ba ya tsoron Allah ƙuri'arsa ba. Na ce Baba, wannan hakkinku ne, ba mai ƙwace muku. Sai ya yi shiru, ya ce amma a 1969 yana yaro, ya ga lorin da ya kwashi maƙwabtansu, kuma har yau bai san inda aka kai abokin wasansa ba.

Muna neman irin waɗannan dattawa. Duk wanda ya ga korar 1969 da idonsa, ko ya fita ya dawo, ko aka kwashi nasa, a Salaga ne ko Yandi ko Gambaga ko Bawku, ko kuma yana can Dapaong ko Bittou tun daga lokacin, ya aiko mana da saƙo ta hannun direbobin tasha ko ya kira a lokacin shiri. Za mu zo da rikoda har inda yake, mu ɗauka da Hausa ko Fulatanci ko Mampruli, yadda ya fi masa sauƙi.